Injin Matsa Na Gareji: Yadda Ake Gano Abin Da Ya Hana Shi Aiki

Injin matsa mai aiki da mai shi ne wanda makanikai ke fitar da boris da bushin da shi, su kuma miƙe ƙarfen da ya lanƙwashe. Joseph Bramah na Ingila ya yi rajistar ƙirƙirarsa a 1795, bisa ƙa'idar masanin Faransa Blaise Pascal: matsin da aka yi wa ruwa a rufaffen wuri yana isa ko'ina daidai wa daida. Saboda haka ƙaramin fistin na famfo ke iya tura babba da ƙarfin tan 12 ko 20. Sharaɗin shi ne kada mai ya sami mafita, kada kuma iska ta sami mashiga. Yawancin matsalolin injin daga nan suke tasowa, kuma gyaransu bai kai kuɗin sabon jak ba.

Idan ana buga hannun famfo amma fistin bai motsa ba, a fara duba bawul ɗin saki, domin sau da yawa ba a ɗaure shi sosai ba ne. Daga nan sai mai. Ana auna shi bayan fistin ya koma ciki gaba ɗaya, jak yana tsaye, man kuma ya kai bakin ramin zubawa. Fistin da ke tsayawa a rabin hanya ma ƙarancin mai yake nunawa.

Hannun da ya yi laushi kamar soso alamar iska ce, domin iska tana matsuwa, mai kuwa kusan ba ya matsuwa. Maganinta a buɗe bawul ɗin saki, a buga hannun kamar sau 10, a cire murfin ramin mai iskar ta fita, sannan a rufe a gwada.

Wadda ta fi rikita mutane ita ce injin ya kama aiki, sannan ya riƙa saki a hankali alhali babu ɗigon mai a ƙasa. Yoyon a ciki yake. Ko dai robar fistin ta cinye, ko datti ya hana ƙwallon ƙarfen da ke cikin bawul zama a mazauninsa. Idan hannun famfo yana tashi da kansa a ƙarƙashin nauyi, laifin na ƙwallon ne, kuma wankewa da sabon mai kan wadatar. In ba haka ba, sai a sauya robobin.

Nan ne araha ke jawo asara. Man birki yana kumbura waɗannan robobi har su lalace, baƙin man inji kuma datti yake ɗauke da shi. Man jak ko man haidirolik mai lamba ISO VG 32 ya dace.

Fistin da ya ƙi komawa kuwa, sifirin ne ya mutu, ko mai ya yi yawa, ko sandar ta karkace saboda an matsa kaya a gefe.

Akwai abubuwan da bai kamata a gwada ba. Bawul ɗin kariya daga wuce kima an saita shi tun daga masana'anta, ƙara ɗaure shi don neman ƙarfi yana iya fasa silinda ko firam. Ba a laluben yoyo da hannu, domin matsin yakan kai ba 700, siririn mai kuma yana huda fata ya shiga tsoka. Da kwali ake nema. Wanda man ya huda a kai shi asibiti nan take, ko da raunin bai fi tsinin allura ba.