Musayar ɗalibai zuwa Suwidin da Finlan: Abin da ya kamata a sani

Musayar ɗalibai tsari ne da ke ba ɗalibi damar yin zango ɗaya ko biyu a wata jami'a ta ƙetare, sannan ya dawo jami'arsa ya kammala digiri. Tushensa yarjejeniya ce tsakanin jami'o'i biyu. Ga ɗalibin da ya fito daga wajen Tarayyar Turai, wannan tsari na daga cikin hanyoyi ƙalilan da suka rage na yin karatu a Suwidin ba tare da biyan kuɗin makaranta ba.

Yadda kuɗin makaranta ya shigo

Kafin 2011, karatun jami'a kyauta ne a Suwidin ga kowa, ɗan ƙasa da baƙo. A waccan shekarar aka fara karɓar kuɗi daga ɗaliban da ba 'yan Turai ba, kuma adadin sababbin masu zuwa daga waɗannan ƙasashe ya faɗi da kusan kashi 80 cikin ɗari. Finlan ta bi sahu a 2017. Amma ƙasashen biyu sun ɗauke wa ɗaliban musaya wannan nauyi. Shirin Erasmus na Tarayyar Turai, wanda aka fara a 1987, ya buɗe wa jami'o'in wajen Turai ƙofa tun 2015, har da na Afirka.

Sharaɗin shi ne jami'ar ɗalibi ce ke zaɓensa ta miƙa sunansa. Inda babu yarjejeniya, babu hanya, komai ƙwazonsa. Don haka tambayar farko ta shugabannin jami'arsa ce: da wa suka ƙulla alaƙa, kuma ta yaya ake raba guraben?

Inda ake magana da harshen

A Suwidin akwai Jami'ar Uppsala da aka kafa a 1477 da ta Lund da aka kafa a 1666. Sai dai harshen ya ƙetare iyaka. Finlan ta kasance ƙarƙashin masarautar Suwidin har zuwa 1809, kuma har yau harshen na ɗaya daga cikin harsunan ƙasa biyu, ko da yake kusan kashi 5 cikin ɗari ne kawai suka tashi da shi. Domin wannan tsiraru aka kafa jami'ar Åbo Akademi a birnin Turku a 1918. Yawancin darussan da ake ware wa 'yan musaya da Turanci ake koyar da su.

Karatu da zaman yau da kullum

Zango ɗaya maki 30 ne. A jami'o'in Suwidin da dama ana ɗaukar darasi ɗaya na mako biyar, a yi jarrabawarsa, sannan a shiga na gaba. Ɗalibi kan kira farfesa da sunansa kai tsaye, kuma doka ta ba ɗalibai haƙƙin samun wakilai a wuraren da ake yanke shawara kan karatunsu.

Wanda zai wuce kwana 90 sai ya nemi izinin zama, ya kuma nuna shaidar cewa zai iya ciyar da kansa, domin abinci da haya suna wuyansa, kuma ɗakunan ɗalibai na ƙaranci a farkon zango. Lambar shaidar mazauni ta Suwidin ta wanda zai shekara ce ko fiye, saboda haka ɗan zango ɗaya kan sha wuya wajen buɗe asusun banki a ƙasar da aka kusa daina amfani da tsabar kuɗi. A watan Disamba kuma hasken rana a Stockholm kusan awa shida ne kawai.

Abu mafi muhimmanci kafin tashi shi ne takardar yarjejeniyar karatu, wadda ɗalibi da jami'o'in biyu ke sa wa hannu. Ita ce ke tabbatar da cewa za a lissafa masa makin da ya samo idan ya dawo. Wanda ya tafi babu ita yana iya maimaita zangon gaba ɗaya.