Hirar Fim a Ƙasar Haɗeja, Daga Benci Zuwa Shagon Turi

Sharhin fim a ƙasar Hausa ya girmi fim ɗin Hausa na bidiyo nesa ba kusa ba, kuma da baki aka fara shi, ba da alƙalami ba. An buɗe silimar Rex a Kano a 1937, daga baya su Palace da Plaza da Orion da Marhaba suka biyo sahu, 'yan kasuwar Labanan masu gidajen suka gwada fina-finan Indiya suka ga nan kuɗi yake. Mu a Auyo ba mu da silima. Abin da muke da shi shi ne yaran mota da 'yan ci-rani. Da an gama girbi samari sai su nufi Kano, in damina ta ƙarato su dawo da ɗan abin da Allah ya hore, da kuma fina-finai cike da kai. Mutum ɗaya ya sayi tikiti, unguwa guda ta kalla a bakinsa.

Gwanin ba da labarin fim ba ya jin Indiyanci ko kalma ɗaya, amma ba ya rasa abin da akta ya ce wa bos. Wurin da fim ya yi sanyi sai ya tsallake, wurin faɗa ya miƙe tsaye ya gwada da hannu, in ya zo ƙarshe ya yanke hukunci: ai an yi ha'inci, bai kamata bos mai ƙarfi haka ya mutu da naushi ɗaya ba. Wannan tsallakewa da wannan hukunci, ko an ƙi ko an so, sharhi ne. Daga irin waɗannan bakuna ne 'yan wasan Indiya suka samu sunayen Hausa. Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin, shi kuwa Rishi Kapoor, saboda laushin fuska da rawa, aka liƙa masa Mace. Kowane suna a nan taƙaitaccen nazari ne na aikin mutum na shekaru.

Da bidiyo ya iso, sai gidan kallo ya karɓi aikin. Rumfar zana ce da bencina, da talabijin a kan tebur, da ɗan janareta da ake ajiyewa can nesa don kada ƙararsa ta danne sauti. A ƙofa akwai allo da aka rubuta sunan fim da alli. Mafi daɗin hira takan tashi ne lokacin da mai ya ƙare ana tsakiyar kallo. Kafin yaro ya dawo da galan, an rabu gida biyu a cikin duhu, waɗannan suna rantsuwa yarinyar za ta auri talakan, waɗancan suna cewa ubanta ba zai yarda ba, kowa yana kafa hujja da fim ɗin da ya taɓa gani.

A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka shi ne ya buɗe kasuwar fim ɗin Hausa na kaset. Shekara ɗaya bayan haka aka yanke Jigawa daga Kano, amma a harkar kaset ba a yanke komai ba. Daga Bata da Ƙofar Wambai kaya ke tasowa, su sauka Haɗeja, mu je mu saro. Na riƙe shagon hayar kaset a wancan zamani, kuma a nan na gane su wane ne ainihin masu kallon fim ɗin Hausa. Matan gida ne. Ba sa zuwa gidan kallo, ba sa zuwa shago, amma hukuncinsu na isowa kullum. Yaro zai shigo da kaset a leda ya ce, "In ji Yaya, wannan bai yi ba, a ba ta mai kishiya." Wani ya ce, "Umma ta ce a ƙara mata kwana, maƙwabta ba su gani ba." Kaset ɗin kansa ma yana magana. In ka saka shi ka ga hoto na rawa da layi-layi a daidai wani wuri, to nan aka riƙa mayarwa baya ana sake kallo har zaren ya cinye, kuma kusan kullum wurin waƙa ne. Dilolin Kano sun ji wannan saƙo sarai. Bayan Sangaya na kamfanin Sarauniya, wanda Ali Nuhu da Fati Muhammad suka fito a ciki, ya yi kasuwar da ba a taɓa gani ba, furodusa in ya kawo fim abin da ake fara tambayarsa shi ne waƙa nawa ce a ciki.

Sai mujallu suka zo. Sunusi Shehu Daneji ya fito da Tauraruwa a Kano a 1998, kuma a shafukanta sunan Kannywood ya fara bayyana, tun kafin wata jaridar Amurka ta yaɗa sunan Nollywood a 2002. A watan Maris na 1999 Ibrahim Sheme ya fara buga mujallar Fim a Kaduna. Wasu da dama sun biyo, irin su Mumtaz da Bidiyo da Duniyar Fim, yawancinsu ba su yi nisan kwana ba, Fim ce ta jure. Kwafi ɗaya a garinmu kan zaga shagon tela da teburin mai shayi da ɗakunan amare, kafin ya dawo hannun mai shi an cire hoton tsakiya, bango ya yi laushi. A nan muka fara ganin cewa abin da muke faɗa a benci ana iya buga shi da tawada. Shafin wasiƙu ya haɗa mu da mutanen da ba mu taɓa gani ba, daga Sakkwato da Jos da Maraɗi da Damagaram. Ka rubuta wasiƙa, ka kai gidan waya a Haɗeja, ka yi ta jiran fitowa ta gaba.

Ina girmama waɗannan mujallu, domin ba don su ba da tarihin shekarun farko ya bi iska. Duk mai son sanin wa ya shirya wane fim, da wace rigima aka yi a kansa, sai ya koma ga tsofaffin fitowar Fim. Amma akwai abin da suka yi mana ba da niyya ba. Sun ɗauke idonmu daga kan fim suka ɗora a kan ɗan fim. Wa zai auri wa, wa ya ɓata da wa, wace ce ta fito daga gidan miji ta dawo harka. Mu ma masu karatu abin da muke so ke nan, mai mujalla kuwa sai ya sayar. Sunayen da muka raɗa wa 'yan wasa a lokacin, su Sadiya Gyale da Rukayya Dawayya da Maryam Mashahama, sun nuna yadda muka haɗa mutum da fim ɗinsa muka cure, har marigayiya Hauwa Ali Dodo ta rayu ana kiran ta Biba Problem. Mai fitowa a mugu kuwa ya sha tsinuwa a kasuwa kamar shi ya aikata.

A kan wannan ne maganar tarbiyya ta zo ta zauna daram. Fim ɗin Saliha na 1999 ya tayar da ƙura a Kaduna. A ƙarshen 2000, bayan ƙaddamar da shari'a, gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim, sannan a 2001 aka kafa Hukumar Tace Fina-finai ta jihar. Wani rikici da ya ɓarke a harkar fim a 2007 ya zo da Malam Abubakar Rabo Abdulkarim kan shugabancin hukumar, aka kama wasu aka ɗaure wasu, ciki har da Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama a 2008 kan fim ɗinsa Tsintsiya. Daga nan duk wanda ya buɗe baki kan fim sai ya zama ko mai gabatar da ƙara ko lauyan kare wanda ake ƙara. Ɗan fim in an miƙa masa makirufo sai ya karanto kalmomi ukun nan da kowa ya haddace, faɗakarwa da ilimantarwa da nishaɗantarwa. Mai suka ya ce ƙarya ne, ɓata yara ake yi. A yi ta bugawa har a tashi, ba wanda ya ce ko labarin ya tsaru, ko an ji maganar 'yan wasa, ko mai kyamara ya san inda zai tsaya. Ba na cewa tambayar tarbiyya ba ta da muhalli. Mai 'ya'ya dole ya yi ta. Amma ta cinye sauran tambayoyin gaba ɗaya, kuma fim maras kyau mai wa'azi a ƙarshe ya riƙa tsira da mutuncinsa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, ainihin sharhin aiki yana nan a bakin mutane, ba a dai taɓa ɗaukarsa da daraja ba. Mutumin Auyo manomin shinkafa da alkama ne a fadamar kogin Haɗeja, wani masunci ne, wani mai lambu. Ka zauna kusa da shi a nuna ƙauye a fim ka ji ikon Allah. Zai ce maka wannan da aka ce manomi ne bai taɓa riƙe fartanya ba, dubi inda ya kama ƙota. Zai ce an ce damina ce, ga bishiyoyi sun kaɗe ganye ga hazo a bayansu. In an nuna mai jefa birgi a ruwa, masunta su kwashe da dariya, domin yadda ya tattara ta a hannu ko tarwaɗa mai barci ba zai kama ba. Mata kuma su lura amarya ta tashi daga barci da kwalliya cif, ko an yi shekara goma a labari ba a sauya labulen ɗaki ba. Sun kuma daɗe da gane cewa ƙauyen fim ƙauye ne na ɗan birni, kowa da tsumma, kowa wawa, alhali a garuruwanmu akwai mai injin ban-ruwa da mai tarakta da mai digiri. Wannan shi ne abin da masana ke kira da manyan sunaye, amma ba a taɓa ware masa shafi ba.

Shi ya sa marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, ya fi kowa shiga zuciyar mutanenmu. 'Yan boko na yi wa fina-finansa kallon camama, ga 'yan sentimental can masu gidajen bene da furanni. Amma Ibro ɗan ƙauye ne na gaske, daga Ɗanlasan ya fito, ya san yadda ake tsugunawa a gaban mai gari da yadda ake cin bashin mai shayi. In ya yi wauta, wautar da muka sani ce, ba wadda aka aro ba.

Masana sun yi nasu ƙoƙarin. A 2003 an yi babban taro a Kano kan fina-finan Hausa, aka tattara takardun a littafin da Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Umar Faruk Jibril suka tace, ya fito a 2004. Aiki ne mai nauyi, sai dai akasarin irin wannan rubutu da Turanci ake yi, bai taɓa saukowa benci ba. Rediyo ce ta sauko. Wayar salula ta shigo a 2001, Freedom ta buɗe a Kano a 2003, tashoshin FM suka yawaita har Haɗeja ta samu Sawaba. Shirin fim na kira kai-tsaye ya ba mai kallo murya, amma duk wanda ya taɓa riƙe layi ya san inda katin ke tafiya. Kafin a gaida mai gabatarwa da 'yan majalisa da jarumin da ake ƙauna, an ce lokaci ya ƙure.

Faifan CD ya kashe kaset, turi ya kashe CD. Yanzu yaro ne zaune da kwamfuta a shago, ka miƙa masa waya ko memori ya zuba maka fina-finai, har da Indiya-Hausa irin na Algaita, waɗanda suka mayar da tsohuwar sana'ar mai fassara a baki ta zama kamfani. Tashar Arewa24 ta fara a 2014, ta zo da Daɗin Kowa, daga baya Kwana Casa'in da Labarina na Aminu Saira, Izzar So kuma ya yi tashe a YouTube. Shirye-shiryen hira ma sun yawaita, Kundin Kannywood, Daga Bakin Mai Ita na BBC Hausa, da zauren Hadiza Gabon. Ana kallonsu sosai a nan, amma hira ce da ɗan wasa kan rayuwarsa, jikar tsofaffin mujallun nan ce da ta samu kyamara.

Sauyin gaske fim mai dogon zango ne ya kawo shi. A da, kafin ka ce wani abu an gama fim an sayar, maganarka ihu ce bayan hari. Yanzu ana nunawa ana ci gaba da ɗauka, don haka abin da aka faɗa a wannan mako na iya isa kunnen marubuci kafin zango na gaba. Da Nafisa Abdullahi ta bar Labarina a 2022 aka ba Fati Washa matsayin Sumayya, na ji 'yan mata a shagon turi suna muhawarar da ban taɓa karanta irinta a mujalla ba. Ba wadda ta yi maganar aure ko sutura. Ɗaya ta ce sabuwar tana kuka da murya, waccan kuwa da ido take yi. Ɗaya ta ce ai laifin marubuci ne, ya sauya mutum bai sauya mata magana ba. Samari kuma yanzu sun iya ƙirga minti nawa talla ta ci a cikin awa guda, sun iya gane inda aka ja labari don a cika mako, domin kuɗin datarsu ne ke ƙonewa. Wasunsu kan haɗu su biyu ko uku bayan an saki sabon kashi, su ajiye waya a tsakiya su naɗi hirarsu, su tura wa abokai a Dutse da Kano da Legas. Sautin ba shi da kyau, ana jin babur na wucewa, kuma sau da yawa sukan fi masu sutudiyo faɗin gaskiya saboda ba wani jarumi da suke tsoron ya ƙi amsa gayyatarsu.

A watan Mayun 2025 hukumar tace fina-finai ta Kano, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta dakatar da fina-finai masu dogon zango 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, kan rashin kai su a tace kafin a saki. A da irin wannan labari wa'azi da martani kawai zai haifar. A wannan karo na ji ana tambayar wasu abubuwa daban a majalisarmu: ko hukumar jiha ɗaya na da iko da abin da aka ɗora a YouTube, ko mu 'yan Jigawa dokar ta hau kanmu, da kuma wane ne a cikin ashirin da biyun nan labarinsa ya riga ya ƙare tuntuni ana ta jan sa kawai.