Asalin Kalma: Wariya

Wariya ta samo asali ne daga aikatau "ware", wato a cire wani abu daga cikin 'yan'uwansa a ajiye shi gefe. Manomi yakan ware iri, 'yar kasuwa ta ware uwar kuɗi daga riba, kuma babu aibu a nan. Daga tushen ne aka sami "saniyar ware", wanda jama'a suka juya wa baya. Ita kuwa wariya ba a cika faɗinta a kan alheri ba, domin tana ɗauke da ƙyama da fifiko.

Kafofin watsa labarai na Hausa sun yayata ta a "wariyar launin fata", musamman kan mulkin Afirka ta Kudu daga 1948 zuwa 1994. Amma ta dace da kudancin ƙasar Amurka ma. A jihar Fulorida an kafa wa baƙaƙen fata ƙananan kwalejoji 12 masu karatun shekara biyu. Ta farko ita ce Booker T. Washington a Pensacola, a 1949. Sauran sun biyo baya ne bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 1954 da ya haramta raba ɗalibai bisa launi, don jihar ta nuna wai kowa yana da tasa makarantar. Dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta sa aka haɗe su da kwalejojin fararen fata, malamai baƙaƙe da dama kuma suka rasa muƙamansu.

A yau akan ce wariyar jinsi, wariyar addini da wariyar ƙabila.