Ciwon Zuciya na Jego: Tarihin Bincikensa

Ciwon zuciya na jego cuta ce da ke kama mace a ƙarshen goyon ciki ko a watannin farko bayan haihuwa. Zuciya takan buɗe ta yi girma, ƙarfin tura jininta ya ragu, haki da tari da kumburin ƙafa su biyo baya. An bayyana shi a Amurka tun 1937, amma ƙasar Hausa na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya, kuma masana sun daɗe suna saɓani kan dalilin haka.

Zamanin Zariya

A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Neil Davidson da Eldryd Parry, suka bibiyi mata 224 masu wannan ciwo, suka buga sakamakon a 1978. Sun kiyasta cewa yana biyo haihuwa ɗaya cikin kusan 100 a Zariya. Suka ɗora laifin kan al'adun jego: wankan ruwan zafi safe da yamma har a yi arba'in, kwanciya a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashinsa, da kunun kanwa. Hujjarsu ita ce gishirin kanwa yana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki. A 1979 John Sanderson da abokan aikinsa suka ɗauki hoton zuciyar wasu majinyatan Zariya, suka tarar cewa da yawansu naman zuciyarsu na matsawa yadda ya kamata. Wato wani kaso na waɗanda aka ƙirga, yawan ruwa da hawan jini ne suka kayar da su. Wannan gyara bai yaɗu kamar maganar farko ba, littattafai suka yi ta maimaita zancen kanwa shekara da shekaru.

A Yamai, Arnaud Cénac ya nuna a 1992 cewa sinadarin seleniyam ya yi ƙaranci a jinin masu ciwon. A Sakkwato, Simeon Isezuo ya samu ciwon a ɗaya cikin haihuwa 102 a 2007.

Cikin ƙwayoyin zuciya

Ƙwayoyin naman zuciyar baligi ba sa hayayyafa sosai. In aiki ya yi musu yawa, girma suke yi. Idan jini ne ya cika zuciya, tsawo suke ƙarawa, ɗakunanta su buɗe. Haka kan faru ga mai ciki lafiyayya, kuma ya koma daidai bayan haihuwa.

Dalilin da ya sa ta wasu ba ta komawa ya fara bayyana a 2007 a Hanoba ta Jamus. Denise Hilfiker-Kleiner ta nuna a jikin ɓeraye cewa idan furotin STAT3 ya gaza, gurɓatattun sinadaran iskar oksijin sukan taru a ƙwayar, su tayar da wani sinadari mai suna katefsin D. Shi kuwa sai ya datse furolaktin, sinadarin da ke kawo ruwan nono, guntun da ya fita ya riƙa lalata ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da zuciya. Daga nan Karen Sliwa ta gwada maganin bromocriptine, mai tsayar da furolaktin, a Afirka ta Kudu a 2010. A 2012 aka gano cewa sinadarin sFlt1, wanda mabiyiya ke fitarwa, yana yin irin wannan ɓarna, abin da ya haɗa cutar da hawan jinin masu ciki. A 2016 binciken mata 172 ya samu kashi 15 cikin 100 na ɗauke da nakasar gado, akasari a taitin, dogon furotin da ke riƙe zaren matsawar ƙwayar. Seleniyam ma a nan ya samu gurbi, domin da shi jiki ke gina ɗaya daga cikin masu share waɗancan gurɓatattun sinadarai.

Rajistar Kano

Tsakanin 2017 da 2018 Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ta Kano ya jagoranci rajistar PEACE, mai majinyata 406 daga asibitoci 22 na Najeriya, mafi yawansu daga Arewa maso Yamma. Rama, rashin karatun boko, rashin aikin yi da hawan jinin masu ciki su ne suka fito a matsayin haɗari. Wankan jego da kunun kanwa ba su fito ba. Wannan ƙidaya ta fi ta Zariya abin dogaro, domin da hoton zuciya aka tantance majinyatanta. Iyakarta dai Najeriya ce: Hausawan Maraɗi da na Gadarif a Sudan ba sa cikinta.