Tarihin 3GP: Bidiyon da Ya Zagaye Arewa Ba Tare da Data Ba

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda datarsu ba ta kai su saurara ba.

Yau zancenmu a kan 3GP ne. In ka haura shekara 25, ka san shi ko da ba ka riƙe sunan ba. Shi ne bidiyon nan mai dishi-dishi, wanda fuskar mutum ke farfashewa gida-gida da zarar ya motsa, murya kuma kamar daga cikin rijiya take fitowa. Ƙannenmu da suka buɗe ido da TikTok, ku yi haƙuri ku biyo mu.

Sunan ya fito ne daga 3GPP, wata haɗakar hukumomin tsara ƙa'idojin sadarwa na Turai, Japan, Koriya ta Kudu da Amurka, wadda aka kafa a Disambar 1998, Sin ta shigo daga baya. Aikinsu shi ne tsara yadda wayoyin 3G za su yi aiki, ta yadda abin da wayar wani kamfani ta ɗauka, wayar wani kamfanin za ta iya buɗewa. Shi fayil ɗin 3GP kamar ƙunshi ne da ake zuba hoto mai motsi da sauti a ciki. Gidansu ɗaya da MP4, dukansu kuma jikokin QuickTime ne na kamfanin Apple. Sai dai shi an rage masa kaya sosai.

Me ya sa aka rage? Saboda an yi shi ne don saƙon MMS, kuma a farko kamfanonin waya da yawa ba sa barin saƙo ɗaya ya wuce kilobayit 100, daga baya aka kai 300. Don haka aka matse komai. Girman hoton da aka fi amfani da shi ɗigo 176 ne a kwance, 144 a tsaye, jimilla 25,344. Bidiyon 1080 da wayarka ke ɗauka yau ya haura ɗigo miliyan biyu, wato ya ninka shi fiye da sau 80. Sautin kuma da tsarin AMR ake naɗarsa, wanda don maganar waya aka ƙirƙire shi, ba don kiɗa ba. Shi ya sa wa'azi ke fita tangaran amma kalangu ya koma kamar ana buga gwangwani. Nokia 6600 da ta fito a 2003, wadda mai ita ke tafiya yana ɗaga kafaɗa, bidiyon kusan daƙiƙa goma kacal take ɗauka a lokaci guda.

To, a nan labarin ya zama namu. Layukan GSM sun fara aiki a Najeriya a 2001, lasisin 3G kuwa sai a 2007 aka bayar, kuma ya ɗauki shekaru kafin talaka ya ga amfaninsa. Ka ga ke nan fayil ɗin ya riga hanyar da aka gina masa isowa. Injiniyoyin can sun zaci ta layin kamfani zai riƙa tafiya ana cajin kuɗi. Mu kuwa sai muka bi da shi ta Bluetooth da memori, daga hannu zuwa hannu, a majalisa, a makaranta, a gidan biki, ba ko sisi.

Sana'a guda ta tashi a kan wannan. Yaro ya samu kwamfuta da janareto, ya kafa tebur a bakin kasuwa ko tasha, ya juye faifan fim ya matse shi zuwa 3GP, ka miƙa memori a cika maka: barkwancin marigayi Rabilu Musa Ɗan Ibro, waƙoƙin fim, fim ɗin Indiya, tafsirin azumi, ƙwallayen Turai. Matasa da yawa da wannan suka fara riƙe kansu, wasu daga nan suka koyi gyaran waya. Masu shirya fim kuwa suna kuka, don kowane turi faifai ɗaya ne da ba a saya ba. Duka biyun gaskiya ne.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, wannan ne lokacin da mutumin da ba ɗan jarida ba, ba ɗan gwamnati ba, ya riƙe kyamara a aljihunsa. Duniya ta ga haka a Disambar 2006, lokacin da bidiyon rataye Saddam Hussein da wani ya ɗauka da waya ya fita, aka ji gorin da ake yi masa, abin da hoton gwamnatin Iraƙi bai nuna ba. Mu ma mun ga namu. Bayan rikicin Maiduguri na Yulin 2009, bidiyoyi sun yi ta yawo a wayoyi suna nuna jami'an tsaro na harbe mutanen da ke kwance a ƙasa ba makami, kuma a Fabrairun 2010 tashar Al Jazeera ta nuna irinsu ga duniya. Hoton ba kyau, amma an ga abin da aka gani.

Wuƙar kuma baki biyu gare ta. A 2007 wani bidiyon sirri na wata 'yar fim ya fita a Kano, ya bi wayoyi kamar wutar daji. Ba zan kama sunanta ba, an kama ya isa. Abin da ya biyo baya shi ne naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar tace fina-finai ta jihar, da dakatar da ɗaukar fim na tsawon watanni. Masana'anta guda ta tsaya, rayuwar mace guda ta dagule, dubban da suka tura kuwa ba wanda ya tambaye su. Ku lura, dalilin da ya hana hukuma goge bidiyon Maiduguri shi ne ya hana yarinyar nan goge nata: babu wani kamfani a tsakiya da za a kai wa ƙara ya sauke. Yana cikin aljihun kowa.

Yadda ya mutu ba wani dogon labari ba ne. Wayoyin Android sun yi araha, MP4 ya karɓe fage, Xender da WhatsApp suka ture Bluetooth. Sai a wasu ƙananan wayoyi masu madannai ake ganinsa yanzu.

Damuwata ita ce abin da ya tafi da shi. Kusan shekara goma na rayuwarmu, hawan sallah, kamfen ɗin 2007 da 2011, ambaliya, muryar kakannin da suka rasu, a wannan fayil ɗin aka ɗauke su, kuma yawancinsu ba su taɓa hawa intanet ba. Suna cikin memorin da ke ƙasan durowa, memori kuwa lalacewa yake yi ko ba a taɓa shi ba.

Don haka in kana da tsohuwar waya ko memori a gida, ka sa a kwamfuta ka kwafe fayilolin yadda suke, kar ka canza su zuwa wani tsari, don kowane juyi rage ingancinsu yake. Manhajar VLC tana buɗe su. Ka rubuta gari da shekara da abin da ke faruwa, tun da sauran mai tunawa. Wanda kuma ya shafi sirrin wani, ka goge shi a nan take.

Ku faɗa mana abin da kuka tarar a sashen sharhi. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.