Iyakar Arewa da Kudu: ina take, kuma wa ya shata ta?

Da yawa daga cikinmu mazauna Kurmi, in mota ta haye gadar Jebba sai mu ce yawwa, an shigo Arewa. Amma a takarda ba Kogin Kwara ne iyaka ba. Wanda ya taso daga Ibadan, tun kafin ya isa Ilorin ya riga ya taka ƙasar Arewa.

Asalin layin yaƙi ne. Dakarun Ilorin da na Ibadan sun yi shekaru suna gwabzawa a wajajen Offa da Ikirun, har gwamnan Legas, Gilbert Carter, ya raba su a 1893. A 1897 kamfanin Royal Niger ya ci Ilorin da yaƙi. Da gwamnatin Ingila ta karɓi ƙasashen kamfanin ran 1 ga Janairun 1900, sai Ilorin da Kabba suka faɗa hannun Lugga, duk da cewa yawancin mutanensu Yarbanci suke yi.

Haɗewar 1914 ba ta goge layin ba. Kowane ɓangare ya ci gaba da mataimakin gwamnansa. An hana shigar da barasar Turawa Arewa, an taƙaita mishan a masarautu, alhali a Kudu makarantunsu na ta yaɗuwa. Daga nan ratar boko ta samo tushe, wadda har yau ake mana gori da ita a kasuwa da tasha.

A 1939 aka tsaga Kudu gida biyu, Gabas da Yamma, aka bar Arewa a dunƙule. Jam'iyyar Action Group ta Awolowo ta matsa a mayar da Ilorin da Kabba Yamma, Sardauna da NPC suka ce atafau. Kwamitin Willink ya saurari ƙorafin, amma rahotonsa na 1958 bai matsar da iyakar ba.

Gowon ya rushe jihohin yanki ran 27 ga Mayun 1967. Duk da haka layin na nan: jihohi 19 a sama, 17 a ƙasa, kuma da shi jam'iyyu ke lissafin karɓa-karɓar shugabanci. Shi ya sa Bayaraben Offa ɗan Arewa ne a lissafin siyasa, Bahaushen da aka haifi kakansa a Sabon Ibadan kuwa, in ya je neman takardar asali, sai a tambaye shi jiharsu.