Majalisar Yamai da Dokokin Zamanin Nasara

Har zuwa shekara ta 1946, ba a ƙasar Nijar ake yin dokar da ake mulkin Nijar da ita ba. A birnin Faris ake sa mata hannu, babban gwamna da ke Dakar ya zartar da ita, gwamnan Yamai ya aika wa kumandan, shi kuma kumandan ya kira sarki ya karanta masa. Sarki ba shi da ta cewa sai aiwatarwa. Ko dokar da ta kashe aikin tilas a watan Afrilu na 1946, mai ɗauke da sunan Houphouët-Boigny, daga majalisar Faransa ta fito.

A ranar 25 ga Oktoba na 1946 aka kafa wa Nijar majalisa tata. Kujeru 30 ne, amma rabon ba na adalci ba ne: 10 na ƴan tsirarun Faransawa mazauna ƙasar, 20 na sauran jama'a baki ɗaya. A 1952 aka sake mata suna, kujeru suka kai 50, rabon gida biyu kuwa yana nan.

Ƙarfinta na gaskiya a kan kuɗi yake. Sau biyu take zaman ƙa'ida a shekara, na biyun shi ne na kasafi. Gwamna ne ke shirya daftari ya ajiye gabanta, kwamiti ya bi shi layi-layi, sannan a kawo shi zaure. Nan ne gyara ke shiga: wannan ya nemi a rage lanho a yankin da damina ta yi gardama, wancan ya nemi a ƙara kuɗin rijiyoyi ko na makaranta. In an kaɗa ƙuri'a, gwamna ya sa hannu, abin ya zama umarni. Sai dai igiyar gajera ce. Akwai kashe-kashen da aka ce na wajibi ne, in wakilai sun cire su ana mayar da su ba da yardarsu ba. Faris na iya soke abin da suka yanke, zancen siyasa kuma an hana su shi. A kan sauran al'amura da dama shawara kawai ake nema gare su, a ɗauka ko a bari.

Duk da haka sarakuna ba su raina ta ba, domin su ne masu karɓar lanho, kuma ƙofarsu talaka ke zuwa kuka in ya yi nauyi. Jam'iyyar UNIS da aka kafa a Maraɗi a 1948 da goyon bayansu ta tsaya, ta kuma kwashe kusan dukan kujerun ƴan ƙasa a zaɓen 1952.

Dokar Defferre ta 1956 ta rushe rabon gida biyu, ta ba kowane baligi ƙuri'a. A zaɓen Maris na 1957 majalisa mai kujeru 60 ta fitar da gwamnatin Djibo Bakary, al'amuran sarauta suka shiga hannun ministoci ƴan ƙasa. Gwamnatin ta tuɓe wasu sarakuna, abin da ya sa da yawansu suka juya mata baya a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958. Majalisar da aka zaɓa bayan wannan ita ce ta ayyana Jamhuriyar Nijar ranar 18 ga Disamba 1958.